Kwana goma sha shida a Toronto, garin da ke jiran kofi tun 1967

Ran Litinin 5 ga Mayun 2025 na bar Kano da sassafe, zafin bazara na kan ganiyarsa, ko iskar asuba ma ɗumi gare ta. Ƙanina da ya shekara goma sha uku a Kanada ne ya aiko mini da takardar gayyata. Matarsa ta haihu, Hajiyarmu kuwa ƙafa ba ta barinta doguwar tafiya, sai aka ce ni in je in ga jaririya a madadin gida. Biza kaɗai sai da na yi wata huɗu ina jiranta, bayan dala 100 ta Kanada kuɗin nema da dala 85 na ɗaukar zanen yatsu.

Tikitin Abuja ya fi na Kano sauƙi, shi ya sa na bi mota. Daga Kano zuwa Zariya har Kaduna hanya sumul, daga nan kuma sai ramuka da ratse. Shingen jami'an tsaro tara na ƙirga. A ɗaya suka sa na buɗe jaka, ƙamshin daddawa ya bugi wanda ya leƙa, ya yi dariya ya ce Allah Ya kiyaye hanya. Kuka ce a ciki da kuɓewa busasshiya da yaji da man shanu. Kilishi kam ban ɗauka ba, don ƙanina ya ja mini kunne cewa ba a shiga Kanada da nama. Na kwana a Abuja, washegari jirgi ya kai mu Addis Ababa, cikin dare muka hau wani, ya tsaya shan mai a Turai, muka sauka filin jirgin Pearson na Toronto da safiyar Laraba.

A wurin shige da fice na'ura ce ta fara yi mini tambayoyi kafin mutum. Jami'ar ta tambayi wurin wa na zo, kwana nawa zan yi, me ke cikin jaka. Na faɗa mata gaskiya, aka duba ƙullin kuka aka maido mini. Ina fita waje sanyi ya ratsa ni har ƙashi, alhali mutanen garin na yawo da 'yar shara, wai rani ya fara shigowa.

Ƙanina na jirana da babban ɗansa, mai sunan mahaifinmu, wanda muke kira Abba. Shekararsa goma, a can aka haife shi, Hausarsa na fita da ƙyar amma tana fita. Sanye yake da shuɗiyar riga da ta kai masa gwiwa, da hoton farin ganye a ƙirji da lamba 34 a baya. Bayan ya durƙusa ya gaishe ni, abin da ya fara ce mini shi ne, "Baffa, yau muna da wasa."

A kan babbar hanyar 401, wadda faɗinta ya sa na daina ƙirga layukanta, na lura da irin wannan ganyen a ko'ina: tutoci a tagogin motoci, hulunan direbobi, allunan talla. Ƙanina ya ce, "Yaya, ka zo a lokacin da garin nan ba ya barci. Maple Leafs ce ke zagaye na biyu."

Mu a gida ƙwallon gora muka sani, ta kan ciyawa ko ta kan doki. Maple Leafs ƙungiyar ƙwallon gora ce ta Toronto, amma tasu a kan ƙanƙara ake yinta, a fili mai tsawon kusan mita 61, kewaye da katanga da gilashi. Mutum shida kowane ɓangare har da mai tsaron raga, kowa da takalmi mai wuƙar ƙarfe a ƙasa da sanda mai lanƙwasa. Ƙwallon kuwa wani ɗan baƙin faifan roba ne da bai kai tafin hannu ba, daskarar da shi ake yi kafin wasa don kada ya riƙa tsalle. Zango uku ake yi, kowanne minti 20. Tsabar gudu ya sa ɗan wasa ba ya cika minti ɗaya a fili sai ya fita wani ya diro, wasa na tafiya ba a tsaya ba. An yarda ka bangaje mai riƙe da faifan da kafaɗa har ya haɗu da katanga. Ka yi ƙeta kuwa, minti biyu za ka yi a wani ɗan keji, 'yan uwanka su yi ta fama da rashin mutum ɗaya.

Daren farko ina fama da gajiya da bambancin awa biyar, idona bai iya bin faifan ba, sai dai in ji Abba ya daka tsalle. Toronto ta ci Florida Panthers 4 da 3, bayan ta ci wasan farko 5 da 4. Shi wannan zagayen fitar da gwani ba sili ɗaya ƙwale ba ne. Ƙungiyoyi 16 cikin 32 ke shiga bayan kowace ta buga wasa 82 a lokacin, kuma sai ka ci abokin karawarka sau huɗu cikin bakwai ka wuce. Zagaye huɗu, nasara 16, sannan Kofin Stanley. Toronto na da biyu a hannu a kan masu riƙe da kofin. Na ce wa ƙanina ai magana ta kusa ƙarewa. Ya dube ni ya ce, "Yaya, kada ka faɗi haka a waje."

A Scarborough suke zaune, gabashin birnin, a ɗaki biyu da falo. Ni aka ba ɗakin Abba. Jaririya lafiya lau, da hancin Hajiya sak. Tuwon semo muka ci da miyar kukar da na kawo, maijego ta ce rabonta da irin wannan ƙamshin shekara uku. Naman halal ba ya wuya, shagunan Larabawa da 'yan Pakistan da Somaliyawa ga su nan jere a titin Lawrence. Tsada ce dai sai wanda ya gani. Dalar Kanada ɗaya ta haura naira dubu a lokacin, shayi kofi ɗaya kusan dala biyu, bas dala uku da 'yan kai, kuma kuɗin da ka gani a jikin kaya ba shi za ka biya ba, sai an ɗora harajin kashi 13 cikin ɗari a wurin biya. Bayan kwana uku na daina juya lissafi zuwa naira, don abinci ya daina wuce mini.

Ran Juma'a a masallaci na ga yara 'yan Somaliya da 'yan Bangaladash sun cire hular Leafs sun ajiye kusa da takalma. A hanyar dawowa ƙanina ya ba ni labarin Nazem Kadri, Musulmi ɗan asalin Labanan da aka haifa a garin London na jihar Ontario. Toronto ce ta ɗauke shi a 2009, ya yi mata shekaru, ta sallama shi ga Colorado a 2019. Bayan shekara uku ya ci kofin da Colorado. Al'adar wasan ita ce kowane ɗan wasa a ba shi kofin ya yini da shi, shi kuwa Kadri ya ɗauke shi ya kai masallacin garinsu. Labarin ya daɗaɗa mini rai, amma Abba da ke bayan mota cewa ya yi, "Namu ne fa, Baffa. Da rigarmu ya kamata ya ci." A daren Florida ta ci 5 da 4 a ƙarin lokaci. Ran Lahadi ta ƙara, 2 da nema.

Wanda ya fahimtar da ni ciwon garin wani dattijo ne Bature, maƙwabcinsu, tsohon direban bas da ya yi ritaya. Matarsa ta rasu, Abba ne abokin hirarsa, shi ya koya wa yaron tsayuwa a kan ƙanƙara. Ya ce yana ɗan shekara 12 mahaifinsa ya kai shi titin Bay a watan Mayun 1967, suka tsaya cikin cunkoso ana wucewa da kofin zuwa zauren birni. Shekarar ce Kanada ta cika shekara ɗari, Toronto ta doke Montreal da tawagar dattawa, ɗaya daga masu tsaron ragarta, Johnny Bower, yana da shekara 42. Kofi na 13 ke nan. Ƙungiyoyi shida ne kacal a gasar a lokacin.

"Mahaifina ya ce in buɗe ido da kyau," in ji dattijon. "Na ce masa ai baɗi ma za mu dawo."

Daga nan ya shiga jero mini shekarun da aka fitar da su kamar mai karanto asalin gidansu. 1993, da alƙalin wasa bai ga sandar Wayne Gretzky na Los Angeles ta fasa haɓar Doug Gilmour na Toronto ba, Los Angeles ta wuce. 2013, wasa na bakwai a Boston, suna gaba da 4 da 1 a zangon ƙarshe, aka farke duka aka ci su. 2018 da 2019, Boston. 2021, suna da nasara uku Montreal na da ɗaya, suka zubar. 2022, Tampa. 2024, Boston kuma. Daga 2004 zuwa 2023 ko zagaye ɗaya ba su tsallake ba. Tun 1967 ko wasan ƙarshe ba su kai ba. Babu takarda a hannunsa, kuma da na duba daga baya ko ɗaya bai kuskure ba.

Ni ɗan Pillars ne tun ina yaro. Na ga kofin 2008, na ga uku a jere daga 2012 zuwa 2014, na ga kuma ranar da muka faɗa rukuni na ƙasa a 2022, abin ya hana ni cin abinci. Amma mu shekara ɗaya muka yi muka dawo. A lokacin, a gidajen kallo na Kano ana tsokanar 'yan Arsenal da 2004, to ga mutanen da nasu jiran ya kai shekara 58. Kuma ba talauci ne ya jawo musu ba. Ƙungiyar na cikin mafi arziki a wasan gaba ɗaya, filinta cike yake ko ana ci ko ba a ci.

Ran Talata na shiga gari ni kaɗai. Na je gidan tarihin wasan da ke mahaɗar titin Yonge da Front, a wani tsohon ginin banki. A can na tsaya gaban kofin. Gwamna Janar Lord Stanley ne ya ba da shi, aka fara bayar da shi a 1893. Ba a ƙera sabo kowace shekara, shi ɗin dai ne ke zagayawa, ana sassaƙa sunayen 'yan wasan da suka ci a jikin zobban azurfa da ke gindinsa. Kowane zobe na ɗaukar ƙungiya 13. In na ƙasa ya cika sai a cire na sama mafi tsufa a ajiye, a sa sabo. A 2018 aka cire mai ɗauke da 1954 zuwa 1965. Wanda ke kan layi yanzu shi ne mai ɗauke da 1967. Wato in Toronto ba ta ci ba nan da 'yan shekaru, sunanta zai bar jikin zobban. Na sa yatsa na nemo wurin, na daɗe a tsaye ina tunanin dattijon nan.

Daga nan na taka zuwa titin Carlton in ga Maple Leaf Gardens, tsohon filinsu da aka buɗe a 1931 suka bari a 1999, inda aka ci kofin ƙarshe. Ƙasan ginin ya zama katafaren kantin kayan abinci. Tsakanin kantoci akwai jan ɗigo a daɓe da ke nuna inda tsakiyar fili take a da. Mutane na tura kwandunansu a kai. Kwana ɗaya kuma muka je Niagara muka ga magangarar ruwa, iko sai Allah.

Wasa na biyar, ran Laraba 14 ga wata, a gida aka yi wa Toronto 6 da 1. Wani ɗan kallo ya cire rigarsa ya jefa cikin fili. Abba ya shige ɗaki bai ce wa kowa komai ba.

A nan na fara yi wa ƙanina gardama a kan ina matsalar take. Shi ya ce kuɗi ne. Dokar gasar ta ƙayyade abin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashi, dala miliyan 88 na Amurka a kakar, Toronto kuwa ta zuba sama da rabi a kan mutum huɗu: Auston Matthews, Mitch Marner, William Nylander da John Tavares. Dukkansu maciya raga ne. Matthews ya zura 69 a kakar da ta gabata, Marner ya haura maki ɗari na ci da taimakon ci a wannan. Sauran mutum kusan ashirin su raba abin da ya rage. A wasannin yau da kullum gwanaye huɗu sun isa, amma a zagayen fitar da gwani, inda ake toshe kowace kafa ana bugu kamar dambe, sai ƙungiyar da kowane layinta ke da haƙori. Florida haka take.

Maganarsa gaskiya ce, amma ni na ga wani abu bayan wannan. Na shekara talatin ina shiga filin Ƙofar Mata. In aka zura mana ƙwallo, a lokacin ne ganga ke ƙara tashi, a yi ta "Sai Masu Gida" har baƙo ya rikice. A Toronto, da an zura musu ɗaya sai filin ya yi tsit, mutum kusan dubu goma sha tara kowa ya riƙe kai, kowa ya tuna 2013. 'Yan wasan na jin shirun nan. Sai ka ga gwani ya samu faifai ya rasa abin yi da shi, kamar mai tsoron kada a ce shi ne ya jawo. Wasannin da aka fi yi musu kaca-kaca a wannan zagayen duk a gidansu aka yi.

Wasa na shida a kudancin jihar Florida, inda ko dusar ƙanƙara ba ta cika sauka ba, a ɗakin ƙasa na dattijon muka kalla. Ya tanadar mana shayi da biskit, ya ajiye mini tawul mai tsabta a kusurwa don sallah tun ban tambaya ba. Zango biyu babu ci. A na uku Matthews ya saki wani bugu ya shige ta ƙarƙashin mai tsaron raga, cinsa na farko a zagayen. Aka ƙara ɗaya, aka tashi 2 da nema. Dattijon ya rungume Abba, hannunsa na rawa. Na ji kaina ina cewa Alhamdulillahi da ƙarfi.

Ran Lahadi 18 ga Mayu, wasa na bakwai. Tikitin shiga Scotiabank Arena ɗaruruwan daloli ne mafi araha, ba mu ko yi maganarsa ba. Ƙanina ya samo mana izinin shiga dandalin da ke ƙofar filin, inda aka kafa ƙaton allo. Muka hau jirgin ƙasa zuwa tashar Union mu huɗu, har da dattijon. Taragon duk shuɗi ne. Na ga Sikh da rawani shuɗi, na ga 'yan mata da hijabi sun zana ganye a kumatu, na ga wani da jariri a ƙirji. Abba ya ba ni hularsa ta sanyi mai tambarin ƙungiyar, na cire zanna bukar ɗina na sa a aljihu.

Aka fara bakwai da rabi, rana ba ta faɗi ba. Mintunan farko Florida ta danne su kamar za ta haɗiye su, mai tsaron raga Joseph Woll ya yi ta tarewa. Daga baya Toronto ta farfaɗo, ta samu dama biyu ko uku da suka sa dandalin ya ɗauki ihu. Aka tafi hutu babu ci. Magariba a can sai wajen tara saura, ni da ƙanina muka nemi lungu muka shimfiɗa rigunan sanyi muka yi sallah. Muna komowa ba da jimawa ba Florida ta zura ta farko. Shirun da na gani a talabijin, yau ga ni a tsakiyarsa. Dubban mutane, amma kana jin ƙarar jirgin ƙasa daga tasha. Kafin a dawo hayyaci an ƙara ta biyu, an ƙara ta uku.

Farkon zango na uku Max Domi ya farke ɗaya. Abba ya kama hannuna ya ce, "Baffa, ka yi addu'a." Ban rufe baki ba, ko minti ɗaya ba a yi ba, Florida ta mayar da ita 4 da 1. Aka tashi 6 da 1, kuma Brad Marchand, tsohon ɗan Boston da ya sha fitar da su, shi ya zura ta ƙarshe. A allo muka ga riguna na sauka cikin fili, 'yan kallo na yi wa nasu ihu. Wasa na bakwai karo na bakwai a jere ke nan da suka sha kashi. Duk da haka 'yan wasan ɓangarorin biyu suka yi layi suna musabaha ɗaya bayan ɗaya, mutanen da suka yi mako biyu suna fasa wa juna baki. Wannan al'adar ta burge ni ƙwarai, da ma a ce muna da irinta. Taron ma ya watse ba wanda ya jefi wani.

A jirgin komawa Abba ya kifa kai a cinyar ubansa yana kuka. Dattijon ya bar shi sai da ya yi mai isarsa, sannan ya dafa shi ya ce, "Ran Asabar akwai atisaye. Ƙarfe bakwai zan buga muku ƙofa."

Na tambaye shi a hankali ko yana ganin za su taɓa ci. Ya ce ƙungiya za ta ci, shi ne dai bai sani ba ko yana nan. Ni ma ra'ayina ke nan, za su iya. Kocinsu na lokacin Craig Berube ya ci kofin da St. Louis a 2019, ƙungiyar da ita ma ta shekara hamsin da 'yan kai tana jira. Kuma cikin duk waɗanda Florida ta kara da su a zagayen fitar da gwani na 2025, har ta sake ɗaukar kofin a hannun Edmonton a watan Yuni, Toronto ce kaɗai ta kai ta wasa na bakwai. Tazarar ba ta da yawa. Amma ban ga yadda za a yi da waɗannan huɗun a haɗe ba, tabon da ke jikinsu ya yi yawa, kuma garin ya daina yafe musu.

Ana gobe zan taso aka ba da sanarwar cewa shugaban ƙungiyar, Brendan Shanahan, ba za a sabunta kwantiraginsa ba bayan shekara 11. Ran Juma'a 23 ga wata suka raka ni Pearson. Jakar da ta zo da kuka ta koma da magungunan ƙafa na Hajiya da hotunan jaririya. Na miƙa wa Abba hularsa, ya ce in tafi da ita.

Na iso Kano ana shirin Babbar Sallah, raguna sun cika bakin titi, hadari na haɗuwa ta gabas. Farkon watan Yuli wayata ta yi ƙara da daddare, Abba ne. Ko gaisuwa bai gama ba ya ce Marner ya tafi Vegas, Tavares kuwa ya yarda an rage masa albashi ya zauna. Ya ce a watan Oktoba za a fara sabuwar kaka, wasannin na kamawa wajen ƙarfe goma sha biyun dare agogonmu, ko zan iya tashi. Na ce masa ya turo mini jadawalin.